Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya a ajin firamare: shin suna taimaka wa yaro ya gane abin da ya karanta?

Malamar aji huɗu, Gombe:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayena da 'yan'uwana malamai a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina koyar da aji huɗu a wata makarantar gwamnati a cikin garin Gombe, kuma yawancin yaran da suka zo hannuna bana sun iya haɗa baƙi da wasali, har wasunsu suna karanta sakin layi guda ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Sai an tambaye su abin da suka karanta ne ake ganin inda gizo yake saƙa.

Makon jiya na rubuta musu ɗan bayani a allo a kan Dadin Kowa, na ce madatsar ruwan da ke kan kogin Gongola tana amfanar manoma da masunta, kuma daga can ake turo wa Gombe ruwan sha. Wata yarinya da ke zama a layin gaba ta tashi ta karanta shi tsaf, murya a sake, ba gargada. Da na tambaye ta mece ce madatsa, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Na matsa jikin allo na sa tafin hannuna na rufe “ma” ɗin farko, na ce ta karanta abin da ya rage, ta ce “datsa”. Na ce mata idan an yi ruwan sama ya biyo lungu, ƙannenta suka tara ƙasa suka tare shi, me suka yi wa ruwan? Ta ce sun datse shi. Ta ɗan yi jim tana kallon allon, sannan ta ce, “Malama, ashe wurin da aka datse ruwa ne.” Kafin in buɗe baki wani yaro daga baya ya ɗaga murya ya ce ke nan makaranta wurin da ake karatu ne. Shekara huɗu yana zuwa makaranta, sai ran nan ya ji kalmar karatu a cikin sunanta.

Abin da nake tambaya shi ne, shin ya dace in mayar da wannan darasi na dindindin, ko kuwa dace kawai na yi? Idan ya dace, daga wane aji ya kamata a fara, kuma shin sai na koya musu sunayen da muka koya a kwaleji, wato saiwa (tushen kalma) da ɗafi, ɗan guntun da ake liƙa mata, wanda idan a farko yake a ce ɗafa-goshi, idan a ƙarshe a ce ɗafa-ƙeya?

Tsohon hedimasta, Kumo:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika lura da abin da malamai da yawa suke wucewa ba su gani ba. Sai dai zan ja hankalinki, domin shekara 35 na yi ina wannan aiki kafin in ajiye alli, kuma na ga salon koyarwa iri-iri sun zo da zafinsu sun wuce. Abin da na gani yana sa yaro ya san kalmomi shi ne yawan jin su da yawan karanta su a cikin labari. Yaron da kakarsa ta yi masa tatsuniya, ya zauna a gindin babansa ana hira, ya sami littafin da zai tafi da shi gida, ba ya bukatar a yanka masa kalma gunduwa-gunduwa kafin ya gane ta.

Kuma yankan nan yana da haɗari. Ki ba yaro kalmar mafarki ki ce ya cire “ma”, zai ga “farki”, ya tuna farkawa, ya ce miki mafarki shi ne mutumin da ya farka daga barci, alhali mai mafarki yana can cikin barcinsa. Ki ba shi magani ya ce mai gani ne. Me zai yi da mangwaro da madara da makanike? Da bango da barkono da bazara fa, idan kin koya masa cewa “ba” yana nufin mutumin wani wuri kamar Bahaushe da Bakano? Ina tsoron kada a ba yaro wuƙa kafin ya san inda gaɓa take.

Malamin Hausa a kwalejin ilimi, Azare:

Baba, Allah ya ƙara girma. Misalan da ka kawo su ne ainihin abin da ya kamata malami ya sani kafin ya shiga aji da wannan darasi, kuma ban ga saɓani tsakanin maganarka da abin da Malama ta yi ba. Ba ta koya wa yarinyar nan sabuwar kalma daga sama ba. Yarinyar ta san datse tun tana wasan ƙasa, abin da ba ta sani ba shi ne kalmar da ke bakinta tana nan kwance a cikin doguwar kalmar da ke allo. Tatsuniya da hira su ne suka cika rumbun, wannan darasi kuwa hanyar ɗibar hatsin ne lokacin da ake bukata.

Bari in ɗan tsawaita a kan “ma”, domin babu ɗafin da ya kai shi amfani a Hausa, kuma ayyuka uku yake yi. Yana nuna mai yin abu, kamar manomi da maɗinki da maƙeri da marubuci, kuma waɗannan suna da tamata mai ƙarewa da “iya” da jam'i mai ƙarewa da “a”, wato maɗinki, maɗinkiya, maɗinka. Yana nuna wurin da ake yin abu, kamar majema da marina da masaƙa da mashaya da mahaɗa da mazaɓa, waɗansu kuma da “i” suke ƙarewa kamar masauki da masallaci. Sannan yana nuna abin da ake aiki da shi, kamar mabuɗi da madubi da ma'auni da magirbi, waɗanda jam'insu yakan ƙare da “ai”, mabuɗai, madubai. Yaron da ya kama wannan, ranar da ya haɗu da matatar mai ko masana'antar siminti ta Ashaka ko magudanar ruwa a cikin darasin zamantakewa, yana da abin da zai dafa ya miƙe.

Wurin da ake samun cikas shi ne rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Maƙera masu ƙira da maƙera wurin ƙira rubutunsu ɗaya ne, haka mahauta da mahauta, marina da marina, mahaifa iyaye da mahaifa inda ɗa yake kwanciya a ciki. A baki ba su taɓa rikita kowa ba, domin idan mutane ake nufi murya tana sauka a tsakiyar kalma sannan ta hau, idan kuwa wuri ake nufi murya tana tafiya a sama tun daga farko har ƙarshe. A takarda kuwa sai jimla ce za ta raba gardama: “ma'aikata sun tafi yajin aiki” mutane ne, “ma'aikatar ilimi ta fitar da sanarwa” wuri ne. Kalmar magani da Baba ya ambata ma a nan amsarta take, domin “ma” ɗin magani dogo ne a furuci, shi kuwa ɗafa-goshin gajere ne. Idan yaro ya faɗi kalmar da ƙarfi kunnensa zai gaya masa.

Saboda haka abin da nake gaya wa ɗalibaina masu shirin zama malamai shi ne kada su taɓa koyar da cire ɗafi shi kaɗai. Yaro ya rufe ɗafin ya duba ko abin da ya rage kalma ce da ya sani. Idan ya cire “ma” daga mangwaro ya ga “ngwaro”, ko daga makanike ya ga “kanike”, ya san nan ba ƙofa ba ce, ya bar ta. Idan ya ga kalmar da ya sani, ya ƙiyasta ma'ana, sannan lallai ya koma cikin jimlar ya gwada ko ta zauna. “Jiya da dare na yi mafarki” ba za ta karɓi ma'anar mutumin da ya farka ba, kuma yaro ɗan shekara tara zai ji haka da kansa.

Tsohon hedimasta, Kumo:

Malam, na ji bayaninka, kuma na yarda da sharaɗin komawa cikin jimla. Abin da nake gudu shi ne malamin da zai ɗauki rabin maganar ya bar rabi, ya cika allo da jerin kalmomi ba jimla ko ɗaya, ya sa yara su haddace don jarrabawa. Wannan na gan shi da idona a darussa da dama.

Malamin Islamiyya, Jekadafari:

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Baba da Malam da alheri. Ina so in tuna mana cewa wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, domin ita ce ake kira sarfu a zauren karatun ilimi, kuma malamanmu sun daɗe suna cewa wanda bai san sarfu ba zai daɗe yana dogara da fassarar wani. A Larabci ana ɗaukar baƙaƙe uku, misali kaf da ta da ba, a fitar da kataba ya rubuta, katib marubuci, maktub abin da aka rubuta, maktab wurin rubutu, kitab littafi. Ɗalibin da ya gane ma'aunin kalma ɗaya ya sami mabuɗin ɗaruruwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne “ma” ɗin wuri da ke cikin masjid da madrasa da maktab yana yin aiki iri ɗaya da na majema da masaƙa, kuma masana harshe suna cewa Hausa da Larabci dangi ne na nesa, daga babban gida ɗaya suka fito. Na gwada wannan da ɗalibaina na yamma, waɗanda yawancinsu su ne dai yaran da ke zuwa wurinku da safe. Na rubuta masjid na ce daga sujada take, na rubuta masallaci a gefenta na ce su nemo mini kalmar da ke ciki, nan take suka ce salla.

Akwai kuma wani abu da zai amfani masu koyar da Hausa. Kalmomi da yawa da muka aro sun shigo da “al” ɗinsu na Larabci a manne, kamar alƙalami da alƙali da albasa da alkama da aljihu da almajiri, waɗansu kuma “a” ɗin ya faɗi ya bar “l”, kamar littafi da labari da laifi. A Hausa wannan “al” ba ya ɗauke da wata ma'ana, ya riga ya zama jikin kalmar, don haka kada yaro ya wahalar da kansa wajen cire shi. Amma da zarar kalmar ta zauna a bakinmu sai mu yi mata ɗafi irin namu, mu ce alƙalanci da almajiranci, daga hukunci mu fitar da hukunta da mahukunta.

Malamar aji huɗu, Gombe:

Allah ya gafarta Malam, wannan na ƙarshe ya buɗe mini ido. Amma ina da wata matsala da na ci karo da ita jiya. Na rubuta marubuci na ce su nemo kalmar da ke ciki, suka rufe “ma” suka ga “rubuci”, wani yaro ya ce shi rubuta ya sani, bai san rubuci ba, saboda haka bisa ƙa'idar da na ba su wannan ba ƙofa ba ce. Gaskiyarsa kuwa, domin abin da na faɗa musu ya bi.

Malamin Hausa a kwalejin ilimi, Azare:

Malama, wannan yaro ki riƙe shi da kyau, yana tunani. Abin da ya gano shi ake kira ganɗantawa, kuma doka ce da ta ratsa Hausa gaba ɗaya. Idan wasalin “i” ko “e” ya biyo bayan waɗansu baƙaƙe sai su sauya: “t” ya koma “c”, “s” ya koma “sh”, “z” da “d” su koma “j”, “w” ya koma “y”. Shi ya sa muke cewa mota amma motoci, ƙasa amma ƙasashe, kaza amma kaji, gida amma gidaje, kasuwa amma kasuwoyi. Yaran duk suna faɗin waɗannan daidai tun kafin su shiga aji ɗaya, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu.

Ga kalmomi irin marubuci, hanya mafi sauƙi ita ce ki ce su faɗi jam'in kalmar, domin a nan baƙin asali yakan dawo. Marubuci, marubuta, ga rubuta ta fito. Mahauci, mahauta. Masallaci, masallatai. Matashi, matasa. Magaji, magada, sai su ga gado. Bahaushe, Hausawa. Wadda na fi so in ba ɗalibai ita ce maciji, domin kusan babu wanda yake zaton akwai ɗafi a cikinta, sai an ce macizai sannan a ji cizo ya bayyana, a gane cewa Bahaushe ya kira wannan halitta da sunan abin da take yi.

Game da sunayen nahawu da kika tambaya, ra'ayina shi ne a bar su sai ƙaramar sakandare. A firamare ya isa ki ce kan kalma da gindin kalma da uwar kalma, ko duk sunan da yaran za su riƙe.

Uwar 'ya'ya huɗu, Bajoga:

Sallama gare ku malamai. Ni ba malama ba ce, uwa ce da ke bin wannan zaure domin yarana. A gidanmu Fulatanci ake yi, Hausa kuwa a waje da makaranta suke tsintarta, kuma na lura abin da kuke tattaunawa yana da wata fuska ga irin yaranmu. A Fulatanci a ƙarshen kalma ake sa alamar, ba a farko ba. Makaranta janngirde ce, masallaci juulirde, malami jannginoowo, makiyayi duroowo, idan suna da yawa a ce jannginooɓe da durooɓe. Ɗana na aji uku da na nuna masa cewa aikin da “irde” yake yi a ƙarshen janngirde shi ne “ma” yake yi a farkon makaranta, sai da ya yi ta nemo waɗansu da kansa har lokacin kwanciya. Ina roƙon malamai, idan akwai yaran Fulani ko Tangale ko Tera ko Waja ko Bolewa a ajinku, ku riƙa tambayarsu yadda ake faɗin abin a harshensu, domin yaron da aka tambaya game da harshen gidansu yakan saki jiki.

Na kuma gwada a madafa, tun da can muke yini da 'yan matan. Na ɗaga maburgi na ce me ya sa ake kiransa haka, babbar ta ce don ana burga miya da shi. Na ɗaga matankaɗi da mataci da murfi, duk suka faɗa, sai murfi ne ya ɗan tsayar da su kafin ƙaramar ta ce rufe. Daga dafa kaɗai muka fitar da madafa da dafuwa da dafaffe da dafaffiya da “ya dafu”. Ba littafi ba allo, ina tuƙa tuwo muna yi.

Malamin Turanci, Billiri:

Ina gaishe da kowa. Na zo ne da damuwar da na san iyaye da yawa suna da ita ko da ba su faɗa a nan ba, wato jarrabawar shiga sakandare da yawancin waɗanda ke bayanta da Turanci ake rubuta su, kuma wani zai ce lokacin da aka kashe a kan majema da masaƙa an ɗebe shi ne daga Turanci. Da farko ni ma haka nake gani. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne yaran da suke zuwa mini a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, waɗanda idan suka ga doguwar kalma irin “unhelpful” sai su tsallake ta gaba ɗaya, alhali sun san “help” sarai. Abin da ya hana su ganinta shi ne ba a taɓa nuna musu, a kowane harshe, cewa kalma tana iya ɗaukar wata kalma a cikinta ba.

Yanzu da Hausa nake farawa. Nakan rubuta noma da manomi, in rubuta “farm” da “farmer” a ƙarƙashinsu, sannan rubuta da marubuci, “write” da “writer”, in bar su su gano cewa abin da Hausa ta sa a gaba Turanci a baya ya sa shi. Haka “friendship” da abokantaka, “childhood” da yarinta, “leadership” da shugabanci, “careless” da maras kula. Inda harsunan suka rabu kuma nakan faɗa musu a fili. Hausa ba ta da ɗafa-goshin da ke juya ma'ana kamar “un” da “dis”, mu da “rashin” ko “ba” biyu muke yi, kuma aikin “re” da kalmar “sake” muke yin sa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1989 ya nuna cewa “un” da “re” da “in” da “dis” su huɗu kaɗai sun ɗauke fiye da rabin kalmomi masu ɗafa-goshi a littattafan 'yan makaranta, saboda haka malamin firamare ba ya bukatar dogon jeri, waɗannan huɗun sun ishe shi shekara guda.

Gargaɗin Baba yana nan a Turanci ma. “Uncle” ba kishiyar wani abu ba ne, “corner” ba mai yin wani aiki ba ne, “cooker” kuma abin girki ne ba mai girki ba, kamar dai yadda mabuɗi yake abu ba mutum ba.

Malamar aji biyu, Bauchi:

Assalamu alaikum. Ni ina cikin malaman da aka horar a shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wato USAID, domin koyar da karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Abin da zan ƙara shi ne batun lokaci. Yaron da har yanzu yake fama da bambanta “d” da “ɗ” ko “k” da “ƙ”, yana bin gaɓa da yatsa, duk hankalinsa yana kan fitar da sauti, kuma idan aka ɗora masa neman saiwa a rubuce an yi masa kaya biyu. A aji ɗaya da biyu da baki nake yi, kamar wasa. In ce mai noma, su ce manomi, in ce mai ɗinki, su ce maɗinki, in ce mutumin Kano, su ce Bakano, in ce idan suna da yawa fa, su ce Kanawa. Mu a nan ga Jarawa da Gerawa da Sayawa, kowane yaro ya san “awa” tun daga unguwarsu. Sai karatunsu ya miƙe, wajen ƙarshen aji uku, sannan a kai abin allo.

Akwai kuma wani abu na musamman da ya shafe mu mutanen Bauchi da Gombe. Da yawanmu a magana “motan” da “rigan” da “makarantan” muke cewa, ba mu cika rarrabe “r” ta mace da “n” ta namiji ba kamar yadda daidaitacciyar Hausa take yi. Wannan karin harshenmu ne, ba abin kunya ba ne, amma a rubutu yana iya sauya ma'ana. Idan yaro yana nufin ofishin gwamnati ya rubuta “ma'aikatan lafiya”, mai karatu zai ɗauka likitoci da nas-nas ake nufi. Ƙaramin baƙin nan na ƙarshe shi ma ɗafi ne, kuma yaranmu sun fi na Kano bukatar a tsaya musu a kansa.

Malamin Hausa a kwalejin ilimi, Azare:

Malama ta Bauchi ta taɓo muhimmin wuri. Zan ƙara abu ɗaya kawai, kada duk hankali ya tafi kan sunaye a manta da aikatau, wato kalmomin aiki irin saya da fita, domin a can ne wasali ɗaya yake juya jimla. Tun a 1960 wani masani ɗan Ingila, F. W. Parsons, ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma har yau da wannan rabon ake koyarwa a jami'o'inmu. Yaro ba ya bukatar sanin lambobin gidajen nan, amma yana bukatar ya lura cewa ya sayi buhu, ya sayo buhu, ya saye buhunan, ya sayar da buhu, abubuwa huɗu ne daban. “O” yana jawo aikin zuwa wajen mai magana, kamar fita da fito, shiga da shigo. “E” yakan nuna an ƙare abin kaf. “Ar da” yana fitar da aikin zuwa ga wani, kamar koya da koyar da, ci da ciyar da. “U” yana nuna abin ya yiwu ko ya kammalu, kamar gyaru da dafu. A lissafin da ake ba yara cikin labari, wanda ya karanta “sayar” a matsayin “saya” zai tara inda ya kamata ya ɗebe, a ce bai iya lissafi ba, alhali karatu ne ya kayar da shi.

Malamar aji huɗu, Gombe:

Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto bayan mako biyu, kamar yadda ya kamata ga wanda ya nemi shawara. Na ware minti 10 a farkon darasin Hausa sau uku a mako, kuma ban rubuta kalma ko ɗaya ba tare da jimlarta ba, saboda gargaɗin Baba. Makon farko “ma” muka yi, na biyu kuma “nci” da “ntaka”. Na yanka kwalin sabulu na rubuta uwar kalma a kan manyan guntaye, ɗafi a kan ƙanana, yara suna fitowa biyu-biyu suna haɗawa, sauran aji su ce ta zauna ko ba ta zauna ba.

A kan “nci” sun ba ni Turanci da Larabci da Fulatanci, sannan suka wuce zuwa kasuwanci da shugabanci da zumunci, wani ɗan makanike ya ce babansa makanikanci yake yi, wata ta ce yayarta tana karatun likitanci. Na nuna musu cewa likita da makanike baƙin kalmomi ne amma ɗafin namu ne. Da na kawo soyayya a jimla biyu, soyayyar uwa da soyayyar gyaɗa, sun ɗauki lokaci suna gardama kafin su yarda cewa ɗaya daga so take, ɗaya daga soya.

Ba duka ne suka tafi daidai ba. Yarana sun haura 80, kuma akwai kusan 15 a layukan baya da har yanzu haɗa gaɓa yake ba su wuya, waɗannan na ga darasin yana wuce su, don haka na koma yi musu da baki kamar yadda Malama ta Bauchi ta ce. Ranar Alhamis kuma na sa mafarki a cikin jimla da gangan ban ce komai ba. Yara uku suka ce mai farkawa ne, sai yarinyar nan ta madatsa ta ɗaga hannu ta ce ba ta zauna ba, domin jimlar ta ce yana barci ya yi shi.

Tsohon hedimasta, Kumo:

'Yata, wannan yarinya ta amsa mini tambayata. Abu ɗaya nake roƙo, kada minti goman nan ya cinye lokacin karanta musu labari, ko da shafi ɗaya ne a rana, domin daga can za su samo kalmomin da za su riƙa ganowa. Ki turo mini jimlolin da kika yi amfani da su a makon farko. Akwai jikata da ke koyar da aji uku a wani ƙauye kusa da Pindiga, ranar Juma'a za ta zo gaishe ni, ina so in ba ta ta gwada da nata yaran.